Daga Tangaraho Zuwa Wi-Fi: Tarihin Masu Jin Lantarki a Jikinsu

A watan Maris na 2002, jaridar Dagbladet ta ƙasar Norwe ta buga wata hira da Gro Harlem Brundtland, inda ta faɗi abin da ya sa injiniyoyin sadarwa da dama suka dafe kai. Ta ce wayar salula tana sa mata ciwon kai, kuma ba sai ta kara ta a kunne ba. Ko a kusa da ita wayar take a kunne tana ji a jikinta. Saboda haka duk mai shiga ofishinta sai ya kashe wayarsa tukuna. Da wata ce can ta faɗi haka, da an yi murmushi an wuce. To amma wannan likita ce, ta riƙe muƙamin firaministar Norwe har sau uku, kuma a ranar da take maganar ita ce shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Disambar 2005, bayan ta sauka daga kujerar, hukumar ta fitar da matsayarta a kan wannan larura. Abu biyu ta faɗa a numfashi guda. Na farko, ciwon da mutanen nan suke kuka da shi na gaske ne, kuma yana iya kai mutum ga kasa aiki da kasa zama cikin jama'a. Na biyu, babu hujjar kimiyya da ta nuna cewa igiyoyin lantarki da maganaɗisu ne suke haddasa shi. Duk wanda yau ya tsaya a gaban akwatin intanet na gida, wanda ake kira rauta, yana tunanin ko shi ne yake hana shi barci, a tsakanin waɗannan maganganu biyu yake tsaye. Kafin ya yanke abin da zai saya da abin da zai kashe, yana da kyau ya san ta inda aka biyo aka iso nan, domin hanyar ta fi Wi-Fi tsufa da shekara ɗari da ɗoriya.

A 1869 wani likitan jijiyoyi na birnin New York, George Miller Beard, ya yayata sunan wata cuta da ya ce tana cin mutanen birane: gajiya marar dalili, ciwon kai, rashin barci, faɗuwar gaba, da kasa tattara hankali wuri guda. Ya kira ta raunin jijiya. A littafin da ya fitar a 1881 ya jera abubuwan zamani da yake zargi, kuma wayar tangaraho tana cikinsu, tare da injin tururi da yawan jaridu. Abin dariyar shi ne, ɗaya daga cikin magungunan da Beard ya fi amincewa da su shi ne ratsa jikin majinyaci da lantarki mai sauƙi. Mai karatu ya riƙe jerin alamomin nan a zuciya, domin zai sake haɗuwa da su sau da yawa, kusan ba tare da an sauya ko ɗaya ba. Abin da yake sauyawa kawai shi ne na'urar da ake nuna wa yatsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da na'urar rada, mai harba igiyoyin rediyo masu ƙarfi don gano jiragen sama. Akwai abu ɗaya da babu gardama a kansa har gobe: igiyoyin rediyo, idan sun yi ƙarfi sosai, suna ɗumama nama. A 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon, Percy Spencer, ya lura alewar da ke aljihunsa ta narke yayin da yake aiki kusa da bututun rada, kuma daga wannan lura aka samo na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Likitocin Tarayyar Sobiyet kuwa sun ce abin ya wuce ɗumi. Sun bayyana wata larura a tsakanin ma'aikatan rada da suka kira ciwon igiyar rediyo, mai alamomin gajiya, ciwon kai, saurin fushi da rashin barci, suka kuma kafa wa ma'aikatansu iyakar da ta fi ta Amurka tsauri ninki dubu. Masanan Yamma sun yi ta ƙorafin cewa binciken Sobiyet ba ya bayyana yadda aka auna ko da wa aka kwatanta. Duk da haka tazarar ninki dubu ta zauna a zukatan mutane: in dai Rashawa suna tsoron abu, me ya sa mu ba ma tsoronsa?

Sai kuma aka gano Rashawan da kansu suna haska ofishin jakadancin Amurka da ke Mosko da irin waɗannan igiyoyi, tun daga 1953 har zuwa tsakiyar shekarun 1970. Gwamnatin Amurka ta sani, ta ɓoye wa yawancin ma'aikatanta, har sai da labarin ya fasu a 1976. Binciken da Jami'ar Johns Hopkins ta kammala a 1978, ƙarƙashin Abraham Lilienfeld, bai gano wata illa da za a jingina wa hasken ba. Amma ɓarnar ta riga ta auku ta wani gefen. Gwamnati ta yi shiru shekara ashirin, don haka ranar da ta buɗe baki ta ce babu komai, mutane da yawa ba su ga dalilin yarda da ita ba. A ganina rabin tarihin wannan batu tarihin rashin yarda ne, kuma hukumomi da kamfanoni suna da nasu kason na laifin.

A 1979 Nancy Wertheimer da Ed Leeper suka wallafa binciken da suka yi a Denver, inda suka ce yaran da ke zaune kusa da manyan wayoyin wuta sun fi kamuwa da sankarar jini. Wannan wani reshe ne daban, domin wayar wuta ba igiyar rediyo take fitarwa ba, kuma har yau ba a gano ta wace hanya hakan zai faru ba, in ma yana faruwa. Amma a kunnen jama'a duk abu ɗaya ne: lantarkin da ba a gani yana cutar da yara.

Suwidin, inda ciwon ya samu suna

Larurar da muke magana a kanta, a siffarta ta yau, a ofisoshin ƙasashen arewacin Turai aka haife ta. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, kwamfutoci masu ƙaton allo irin na tsohuwar talabijin suka cika ofisoshin Norwe da Suwidin, kuma galibin masu wuni a gabansu mata ne, akawuna da masu buga takardu. Sai wasu suka fara kukan fuskarsu tana ja, tana zafi, tana ƙaiƙayi kamar rana ta ƙona ta. Aka kira abin ciwon allo. Likitocin fata suka duba, wasu suka zargi bushewar iskar ofis da ƙura da matsin aiki, wasu kuma, irin su Olle Johansson na Cibiyar Karolinska, suka tsaya kai da fata cewa allon ne.

Abin da ya bambanta Suwidin shi ne ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago. Ƙungiyar ma'aikatan ofis ta TCO ba ta jira masana su gama gardama ba. A 1992 ta fito da tambarinta na allon kwamfuta mai ƙarancin fitar da maganaɗisu, kuma cikin 'yan shekaru manyan kamfanonin duniya suka bi sahu, domin babu mai son a bar shi a baya a kasuwa. Wanda ya yi aiki da tsofaffin kwamfutocin da aka riƙa shigowa da su daga Turai zai iya tuna 'yar takardar nan mai haruffan TCO manne a kusurwar allo. Asalinta ke nan.

Da allon ne matsalar, da an sa ran ciwon zai ja baya bayan an gyara allo. Ga mutane da yawa abin da ya faru akasin haka ne. Wanda ya fara da allo sai ya ce dogon fitilar ofis ma tana damunsa, sannan talabijin, sannan firji, sannan wayoyin da ke cikin bango. Alamomin suka tashi daga fata suka koma ciwon kai, jiri, bugun zuciya da gajiya, wato jerin Beard ya dawo. A 1987 masu larurar suka kafa ƙungiyarsu. Wasu suka bar aiki suka koma bukkokin katako a daji, da kyandir da murhun itace. Hukumomin Suwidin suka ɗauki wata matsaya da ake yawan juya ta: sun amince da larurar a matsayin naƙasa mai hana mutum gudanar da rayuwarsa, wadda ke ba shi haƙƙin tallafi, ba tare da sun ce cuta ce da lantarki ke haifarwa ba. Sau da yawa za a ji wani yana cewa ai Suwidin ta tabbatar. Abin da ta tabbatar shi ne mutumin yana wahala kuma ya cancanci taimako.

Da wayar salula ta yaɗu a shekarun 1990, zargin ya koma kanta da kan ƙarfen sabis. Sannan Wi-Fi ya iso. Tun 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wani zango ga kowa ba tare da lasisi ba, domin zango ne da ake yi wa kallon juji, na'urorin ɗumama abinci sun riga sun cika shi da hayaniya. A kan wannan zango na gigahaz 2.4 aka gina ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997, kuma a Yulin 1999 Steve Jobs ya tsaya a kan dandamali ya zura kwamfutar tafi-da-gidanka ta cikin wata kewayayyiyar roba don ya nuna babu waya a jikinta. Kasancewar Wi-Fi maƙwabcin maikurowef a zango ya ba masu tsoro hoton da ba ya mantuwa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne bambancin ƙarfi. Na'urar ɗumama abinci tana tara wat 800 zuwa 1,000 a cikin rufaffen akwati. Rauta a Turai, a wannan zango, ba a yarda ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba, kuma tana watsa shi ne ta kowace fuska.

Ɗakin gwaji

Akwai tambaya mai sauƙi da ta fi duk wannan gardama kaifi. Mutum ya ce yana jin lokacin da aka kunna na'ura. To, a zaunar da shi a ɗaki, a riƙa kunnawa ana kashewa ba tare da shi ko mai gwajin sun san wane hali ake ciki ba, a gani ko zai gane. An yi wannan gwaji sau da yawa. James Rubin da abokan aikinsa na King's College da ke Landan sun tattara sakamakon a 2005, suka sabunta shi a 2010: gwaje-gwaje 46, mutum 1,175 masu cewa suna jin lantarki. Ba su sami ƙwaƙƙwarar hujja cewa mutanen suna iya bambance kunne da kashe ba, fiye da yadda mai jefa kwabo zai dace.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya cancanci a tsaya a kansa. A Jami'ar Essex, a binciken da aka wallafa a 2007, an kawo masu larurar 44 da mutum 114 marasa ita, aka sa su kusa da eriya mai fitar da irin siginar ƙarfen sabis. A zagayen farko an gaya musu gaskiya, yanzu a kunne take, yanzu a kashe. Da aka ce a kunne take, masu larurar suka ce jikinsu ya ɓaci, wasu ma suka janye daga binciken saboda tsananin abin da suka ji. A zagayen da aka ɓoye wa kowa, mutum biyu cikin 44 ne suka dace a duk gwaji shida, sai biyar cikin 114 na marasa larurar, daidai abin da sa'a kaɗai za ta bayar. Amma ga abin da ake yawan tsallakewa: na'urorin awo sun nuna jikin masu larurar yana cikin tashin hankali fiye da na sauran, ko eriyar tana kunne ko tana kashe. Ba ƙarya suke yi ba. Jiki magayi, kuma ya faɗa. Sai dai abin da ya faɗa bai bi makunnin eriya ba.

Masana suna kiran wannan nosebo, wato ƙanin fulasibo mai baƙar aniya: yadda tsammanin warkewa ke kawo sauƙi, haka tsammanin cutuwa ke kawo ciwo. A Regensburg ta Jamus, a 2008, an saka masu larurar a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa aka ce musu an kunna waya kusa da kansu, alhali wayar ta bogi ce. Sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa lokacin da mutum yake jin zafi na gaske suka motsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura, kuma bugun zuciyarsa a wannan lokaci daidai yake da na ranar da ya ga macijin.

Sai rawar da kafofin watsa labarai suka taka. A Mayun 2007 shirin Panorama na BBC ya watsa wani rahoto mai tayar da hankali a kan Wi-Fi a makarantun Birtaniya, kuma daga baya sashen sauraron ƙorafi na BBC ɗin ya amince cewa shirin ya ba da hoton da ya karkata. Hukumar kare lafiyar jama'a ta ƙasar ta ƙiyasta a lokacin cewa shekara guda a ajin da ke da Wi-Fi ba ta wuce hirar minti 20 da salula a kunne ba. Bayan 'yan shekaru Michael Witthöft da Rubin suka mayar da shirin kansa abin gwaji. Suka raba mutum 147 gida biyu, rabi suka kalli rahoton, rabi suka kalli wani fim da ba ruwansa da lafiya, sannan aka ɗaura wa kowa eriya a ka na minti 15 aka ce Wi-Fi ne. Babu komai a cikinta. Kashi 54 cikin ɗari suka ce sun ji alamomi, biyu suka nemi a tsayar kafin lokaci, kuma abin ya fi tsanani ga masu yawan fargaba da suka kalli rahoton.

Adalci ya sa a faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke riƙe da shi. A Mayun 2011 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta saka igiyoyin rediyo a rukunin 2B, na abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo sankara, bisa wasu bincike a kan masu yawan kara salula a kunne. Rukuni ne na hujja mai rauni da ba a iya kawar da ita gaba ɗaya ba, kuma batun sankara ne, ba ciwon kai na nan take ba. A 2024 wani babban bita da hukumar ta sa aka yi, wanda ya duba bincike 63, bai sami alaƙa tsakanin salula da sankarar ƙwaƙwalwa ba. Faransa kuwa ta zaɓi taka-tsantsan: dokar 2015 ta hana Wi-Fi a ɗakunan renon yara 'yan ƙasa da shekara uku, kuma a wannan shekara wata kotu a Toulouse ta ba wata mata mai larurar alawus na naƙasa. Amma hukumar lafiyar muhalli ta ƙasar, a rahotonta na 2018, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a 2005 nan ita ma ta tsaya.

Masu larurar da ba su gamsu ba sun nemi mafaka, kuma mafi shahara tana jihar West Virginia ta Amurka. A 1958 aka keɓe yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 34,000 don kare farantan da ke sauraron raunanan igiyoyin da ke zuwa daga taurari. A ƙauyen Green Bank, inda babban farantin mai faɗin mita 100 yake, babu sabis na salula, kuma kusa da farantin motocin dizal kaɗai ke shiga, domin tartsatsin fulogin motar fetur yana ɓata sauraro. Tun tsakiyar shekarun 2000 masu jin lantarki suke ƙaura can, kuma da yawa sun ce sun samu sauƙi. Ɗan jarida Stephen Kurczy, wanda ya daɗe yana zuwa garin kafin ya fitar da littafinsa a 2021, ya tarar gidaje da yawa a can suna da Wi-Fi abinsu. Ban kawo wannan don ba'a ba. Ƙauye mai tsit, da iska mai kyau, da maƙwabtan da suka yarda kana ciwo, magani ne ko da babu farantin taurari a kusa.

Guguwar 2020, lokacin da aka ɗaura annobar korona a wuyan 5G, ta kai an ƙona gomman ƙarafan sabis a Birtaniya, kuma ta iso Najeriya har sai da ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya fito a Afrilu ya ce ko lasisin 5G ba a ba kowa ba tukuna.

Akwatin da ke kan tebur

To, mutumin da ya ji duk wannan amma har yanzu yana son rage igiyoyi a gidansa, me zai saya? Ina ganin haƙƙinsa ne, kuma abin farin ciki shi ne hanyar da ta fi rage su ita ce kuma ta fi sauri da ƙarko. Idan intanet ɗin yana shigowa ta zaren faiba, haske ne ke tafiya a cikin gilashi, babu rediyo ko kaɗan. Daga ƙaramin akwatin da faiba ke ƙarewa a cikinsa sai a ja kebul ɗin Ethernet zuwa kwamfuta. Fasaha ce tun 1973, wayoyinta a murɗe suke biyu-biyu ta yadda abin da ɗaya ta fitar ɗayar ke shafe shi, kuma tana kai mita 100 ba tare da ta raunana ba. Har wayar salula da yawa suna karɓar kebul ta wani ɗan mahaɗi mai araha.

Wajen zaɓen rauta, a nemi wadda ake iya kashe mata Wi-Fi da gaske, ta maɓalli ko ta shafin saituna, domin ko babu mai amfani da ita tana shelar sunanta kusan sau goma a kowace daƙiƙa. Wasu suna da agogon da ke kashe shi da dare, wasu ana iya rage musu ƙarfi. A lura cewa akwatunan wasu kamfanoni a Birtaniya da Amurka suna ɗauke da Wi-Fi na biyu don masu wucewa, wanda sai an nemi a cire shi daban, wasu kuma suna da tashar wayar gida marar igiya a ciki. Irin wannan waya, a tsohon samfurinta, tasharta tana watsawa dare da rana ko ba a kira kowa ba, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Haka nan jona kebul ba ya kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar kanta, ko na firinta, ko na talabijin. Kowanne sai an bi shi.

Akwai wurare biyu da ake gudun gara a faɗa gidan zago. Na farko, 'yan akwatunan da ake cusawa a soket don su aika intanet ta wayoyin wutar gida. Ana sayen su da sunan waya ce ba iska ba, alhali suna ɗora siginar rediyo ne a kan wayoyin da ba a yi su don haka ba, sai bangon gidan gaba ɗaya ya zama eriya. Masu sha'awar rediyon gajeren zango a Birtaniya sun daɗe suna kai ƙararsu saboda hayaniyar da suke zubawa. Na biyu ya fi muhimmanci. Ƙarfin igiya yana raguwa da nisa cikin sauri: a mita biyu saura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke mita ɗaya, a mita goma saura ɗaya cikin ɗari. Saboda haka rautar da ke can zaure ba ta kai wayar da ke manne da kunci ba. Ita kuma wayar, idan sabis ya yi rauni, ƙara murya take yi don ƙarfen sabis ya ji ta. Wanda ya shafe ɗakinsa da fentin kariya, ko ya yi yaƙi aka ɗauke ƙarfen sabis daga unguwa, sannan ya ci gaba da kira a cikin ɗakin, ya sa wayarsa ihu ne a daidai kunnensa. Abin sauraro mai igiya, ko sa wayar a lasifika, ya fi fentin aiki kuma ya fi shi arha nesa ba kusa ba.

Ga yawancin masu karanta wannan a Kano ko Maraɗi, intanet ɗin gida rauta ce mai layin waya a ciki, wato salula ce a cikin akwati. Ita ba a raba ta da rediyo, amma ana iya ajiye ta a taga inda sabis ya fi ƙarfi, ko a ɗora mata eriya a waje, sannan a ja kebul zuwa ɗakin aiki a kashe Wi-Fi.

Layu na zamani kuwa, a yi hattara. A 2020 an riƙa sayar da wani ɗan sanda na USB a Birtaniya a kan fam 339 da sunan yana kare mutum daga 5G. Da masana suka buɗe shi, ma'ajiyar bayanai ce ta yau da kullum mai megabait 128. A Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta Holan ta gargaɗi jama'a a kan kayayyaki goma, ciki har da sarƙoƙin wuya da ake tallata wasu a matsayin kariya daga 5G, domin su kansu suna fitar da irin hasken nan mai lalata ƙwayoyin halitta, wanda babu rautar da ke fitar da shi.

Takardar 2005 ta ba da shawarar da har yanzu ba ta tsufa ba: kafin a ɗora wa rauta laifi, likita ya duba mutum sosai, a kuma duba gidan, iskarsa da hayaniyarsa da fitilunsa masu kyaftawa. Ciwon kai da bugun zuciya da rashin barci suna da iyaye da yawa, daga hawan jini da ƙarancin jini zuwa matsalar ido da damuwa, kuma a gidajenmu hayaƙin janareta yana cikinsu, shi kuwa yana kisa. Haɗarin sunan da bai dace ba shi ne ya hana a nemi na gaskiya. Cikin hanyoyin da aka gwada wa masu larurar, wadda ta fi nuna alamar amfani ita ce zama da masanin halayyar ɗan Adam don warware igiyar da ta ɗaure tsoro da alamomin jiki.

Wanda kuma yake son ya san gaskiyar nasa jikin, zai iya kawo gwajin Essex cikin gidansa. Wani ɗan'uwa ya riƙa jefa kwabo kowane dare, ya kunna Wi-Fi ko ya kashe a ɓoye, ya rufe fitilun rautar, ya rubuta a takarda ya adana. Mai ciwon kuma ya rubuta yadda ya kwana, ba tare da ya duba wayarsa ba, har sati uku ko huɗu, sannan a haɗa takardun biyu. Masu bincike a Holan sun yi makamancin haka a aikin da suka wallafa a 2017. Sun je gidajen mutum 42 da na'urarsu, kowa ya zaɓi irin siginar da ya ce tana damunsa, aka gwada shi a makance, aka nuna masa sakamakonsa nan take. Ba su iya gane kunne daga kashe fiye da sa'a ba. Mutum 42 ba su da yawa, kuma ba za a rantse cewa gwajin ne sanadi ba, amma da aka koma musu a watannin da suka biyo baya, alamomin da suke lissafawa sun ragu.